Wa Ke Duba Aikin Masu Binciken Kuɗi? Abin da Daura da Jihar Katsina Za Su Amfana da Ganin Sakamakon Bitar Kamfanonin Akantoci

Sanin kowa ne cewa dukiyar jama'a amana ce, kuma duk wanda aka damƙa wa amana wajibi ne ya zo ya yi bayanin yadda ya sarrafa ta. Wannan ne ya sa a ƙarshen kowace shekara ma'aikatu da hukumomin gwamnati da ƙananan hukumomi suke rufe littattafansu na kuɗi, sannan wani mai bincike ya zo ya duba su, ya sa hannu a kan cewa abin da aka rubuta ya yi daidai da abin da ya gudana. Da wannan sa hannu ne 'yan majalisa da masu ba da lamuni da sauran jama'a suke dogara, domin manomi a Sandamu ko ɗan tireda a kasuwar Mai'aduwa ba shi da halin zama ya ƙirga rasit-rasit na hukumar ruwa ko na kwalejin da ɗansa yake karatu.

To, amma shi mai binciken, wa ke duba aikinsa? Amsa ita ce akwai masu dubawa. Ƙungiyoyin akantoci da wata hukuma ta Gwamnatin Tarayya suna da alhakin bin diddigin aikin kamfanonin da ke binciken asusu. Abin da ya rage shi ne sakamakon wannan dubawa ya riƙa isa hannun ofisoshin jiha waɗanda suke zaɓen kamfanonin, suke kuma aiki da rahotanninsu. Matsayinmu a wannan sharhi shi ne, muddin Odita Janar na jiha ne doka ta ɗora wa nauyin faɗin kamfanonin da suka cancanta, to ya kamata ya ga sakamakon bitar da aka yi wa kowane kamfani kafin ya sa sunansa a jeri.

Abin da Tsarin Mulki ya tanada

Sashe na 125 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 shi ne ya kafa ofishin Babban Mai Binciken Kuɗi na Jiha, wanda aka fi sani da Odita Janar. Gwamna ne yake naɗa shi bisa shawarar Hukumar Kula da Ma'aikata ta Jiha, tare da amincewar Majalisar Dokoki, kamar yadda sashe na 126 ya bayyana. Aikinsa shi ne binciken asusun gwamnatin jiha da na ofisoshinta da kotunanta, sa'an nan ya miƙa rahoto ga Majalisar Dokoki cikin kwana 90 daga ranar da ya karɓi bayanan kuɗi na shekara daga Akanta Janar. Ita kuma majalisa ta miƙa rahoton ga kwamitinta mai kula da asusun gwamnati. Har ila yau, sashen ya ce wajen gudanar da aikinsa ba ya ƙarƙashin umurnin kowa.

Sai dai akwai wani tanadi a ƙaramin sashe na 3 wanda jama'a da dama ba su san da shi ba. Tanadin bai ba Odita Janar ikon binciken asusun hukumomi da kamfanonin gwamnati waɗanda aka kafa da doka ba, haka kuma bai ba shi ikon naɗa musu masu bincike ba. Abin da aka ɗora masa shi ne ya ba su jerin sunayen masu binciken da suka cancanta, su zaɓi nasu daga ciki. Ya ba su ƙa'ida a kan ladan da za a biya. Sannan ya yi sharhi a kan asusunsu na shekara da rahoton da mai binciken ya rubuta. Ƙaramin sashe na 4 ya ƙara masa ikon kai musu ziyarar dubawa lokaci-lokaci.

A Jihar Katsina, irin waɗannan hukumomi sun haɗa da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsinma, da Kwalejin Yusuf Bala Usman da ke Daura, da hukumar ruwa da ta sufuri. Ke nan kaso mai tsoka na dukiyar jama'a, tun daga kuɗin makaranta da ɗalibai ke biya har zuwa kuɗin ruwan famfo, kamfanonin akantoci masu zaman kansu ne suke tantance shi. Ƙofar da suke shigowa ta cikinta kuwa ita ce wancan jeri na Odita Janar.

Tsarin Mulki ya ambaci cancanta, amma bai faɗi ma'aunin da za a auna ta da shi ba, bai kuma ɗora wa kowa alhakin kai wa Odita Janar bayani a kan ingancin aikin kamfanoni ba. Takardun da aka saba nema a irin wannan harka su ne shaidar rajistar kamfani, da lasisin yin sana'a, da shaidar biyan haraji, da lambar rajista da hukumar tarayya. Dukansu suna da amfani, domin suna nuna cewa kamfanin yana nan kuma doka ta san da shi. Amma babu ɗaya daga cikinsu da take nuna ko ma'aikatansa suna zuwa sito su ƙirga kaya da idonsu, ko kuwa a ofis suke zama su sa hannu a kan abin da aka kawo musu.

Mece ce bitar takwara?

Bitar takwara tsari ne da wani ƙwararren akanta, ko wata tawaga daga ƙungiyar sana'a, take zuwa kamfanin da ke binciken asusu domin ta duba yadda yake aikinsa. Masu bitar sukan zaɓi wasu fayiloli daga ayyukan da kamfanin ya kammala, su bi su dalla-dalla. Sukan duba ko kamfanin ya rubuta wa banki kai tsaye ya tabbatar da abin da ke cikin asusu, ko ya ga takardun mallakar motoci da gine-ginen da aka lissafa, ko ya kwatanta jerin albashi da ma'aikatan da ke raye suke zuwa aiki. Sukan duba ko babban akantan da ya sa hannu ya karanta aikin na ƙasa da shi. Haka nan sukan bincika ko akwai dangantaka ta jini ko ta kasuwanci tsakanin kamfanin da waɗanda yake bincika, domin wanda yake cin abinci a gidan mutum da wuya ya faɗi laifinsa.

Muhimmancin wannan bita zai fito fili idan muka tuna irin hukuncin da mai binciken asusu yake yankewa. Yana iya cewa littattafai sun nuna gaskiyar lamari ba tare da wani togaciya ba. Yana iya cewa sun yi daidai in ban da wasu wurare da zai lissafa. Yana iya cewa ba su nuna gaskiya ba sam, ko kuma ya ce an hana shi hujjojin da zai yanke hukunci da su. Kowane shugaban hukuma na farkon yake so, kuma hukumar ce take biyan ladan mai binciken. Kamfanin da ke tsoron rasa aikin baɗi yana iya sassautawa. Bita ita ce take sa ya tuna cewa wata rana wani zai buɗe fayil ɗinsa ya tambaye shi hujjar sa hannunsa. Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa, amma a wannan sana'a dole ne shi ma ya miƙa fuska.

Yadda tsarin yake a Nijeriya

Ƙungiyoyi biyu ne doka ta ba ikon yaye akantocin da ke binciken asusu a ƙasar nan. Ta farko ita ce Cibiyar Ƙwararrun Akantoci ta Nijeriya, wato ICAN, wadda aka kafa da dokar majalisa a 1965. Ta biyu ita ce Ƙungiyar Akantoci ta Ƙasa, wato ANAN, wadda aka kafa a 1979, ta kuma sami amincewar doka a 1993. Dukansu suna cikin Tarayyar Akantoci ta Duniya, IFAC, wadda ta wajabta wa ƙungiyoyin da ke cikinta su tabbatar akwai tsarin duba ingancin aikin kamfanonin mambobinsu. Daɗin daɗawa, tun daga ranar 15 ga Disamba, 2022, wata sabuwar ƙa'ida ta duniya ta fara aiki, wadda ta buƙaci kowane kamfanin bincike ya kafa tsarin kula da inganci a cikin gidansa, ya kuma riƙa auna shi duk shekara.

A shekarar 2011 Majalisar Tarayya ta kafa Hukumar Kula da Rahotannin Kuɗi ta Nijeriya, wato FRC, domin kada a bar 'yan sana'a su kaɗai su riƙa sa wa juna ido. Dokar hukumar ta tanadi cewa akantan da ke binciken asusun cibiyoyi fiye da 20 masu alaƙa da maslahar jama'a za a duba aikinsa kowace shekara, sauran kuma a duba su duk shekara uku, kuma ana iya kai ziyarar musamman a kowane lokaci. Gwamnatoci da hukumominsu suna cikin cibiyoyin da dokar ta ambata. Hukumar ta fitar da ƙa'idojin binciken asusu a 2020. A shekarar 2023 kuma, kafin ya sauka daga mulki, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan gyaran dokar, wanda ya faɗaɗa ta har ta haɗa da 'yan kwangilar da ke yi wa kowane mataki na gwamnati aikin da ya kai Naira biliyan 1 a shekara, da kamfanonin da cinikinsu ya kai Naira biliyan 30.

Abin lura a nan shi ne dukkan waɗannan hukumomi uku na ƙasa ne baki ɗaya. Tsarin Mulki ya sa kula da sana'o'in ƙwararru a cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai take yi wa doka. Saboda haka jiha ba ta ba akanta lasisi, ba ta kuma ƙwace shi. Ilimin ingancin kamfani yana taruwa a wuri ɗaya, alhali shawarar ɗaukarsa aiki ana yanke ta a wani wuri dabam. Wannan tazara ce muke ganin ya kamata a cike.

Darasi daga Amurka

A Amurka al'amarin ya sha bamban, domin a can kowace jiha tana da hukumarta mai ba akantoci lasisi. Ƙungiyar akantocin ƙasar, AICPA, ta wajabta bitar takwara a kan mambobinta masu wannan aiki tun 1988, kuma ana yin ta sau ɗaya a duk shekara uku. Sakamakon iri uku ne: kamfani ya ci, ko ya ci amma da gyara, ko ya faɗi. Akasarin jihohi sun mai da wannan bita sharaɗin sabunta lasisi. Da yake tun asali sakamakon sirri ne tsakanin kamfani da ƙungiyarsa, sai ƙungiyar ta ɓullo da wata kafa ta intanet mai tsaro, wadda ta cikinta hukumar jiha take ganin rahoton bitar, da amsar da kamfanin ya bayar, da shaidar cewa ya kammala gyaran da aka umurce shi. Haka kuma ƙa'idojin binciken asusun gwamnati na ƙasar sun buƙaci kamfanin da ke neman aikin gwamnati ya ba da rahoton bitarsa na baya-bayan nan idan an nema.

Amma tarihin Amurka ya kuma nuna iyakar wannan tsari. Kamfanin makamashi na Enron ya durƙushe a watan Disamba na 2001, bayan an gano ya yi shekaru yana ɓoye basussuka. Kamfanin akantocin da ke binciken asusunsa shi ne Arthur Andersen, ɗaya daga cikin manya biyar na duniya a lokacin. A daidai wannan tsakani ne wani babban takwaransa ya kammala yi masa bita, ya kuma ba da rahoton cewa tsarinsa na kula da inganci ya wadatar. Kafin shekarar 2002 ta ƙare Arthur Andersen ya daina binciken asusun kamfanonin da ke kasuwar hannun jari. Wannan ne ya sa majalisar ƙasar ta yi dokar Sarbanes-Oxley a 2002, wadda ta kafa hukuma mai zaman kanta, PCAOB, domin duba masu binciken irin waɗannan kamfanoni. Dokar ta ce a riƙa aika rahoton dubawar ga hukumomin jihohin da abin ya shafa. Ta kuma ba kamfani wata 12 ya gyara kurakuran tsarinsa kafin a bayyana wa duniya wannan ɓangare na rahoton. Darasi biyu ke nan: kada a dogara da bitar 'yan sana'a ita kaɗai, kuma ana iya sanar da hukuma ba tare da an tozarta kamfani a bainar jama'a ba.

Darasi daga gida

Idan ba a manta ba, a ƙarshen 2006 aka gano cewa an yi shekaru ana kumbura lissafin kamfanin Cadbury na Nijeriya da kimanin Naira biliyan 13. A 2008 Hukumar Kula da Hada-hadar Hannun Jari ta hukunta kamfanin da wasu shugabanninsa, ta kuma ci kamfanin akantocin da ke binciken asusunsa, Akintola Williams Deloitte, tarar Naira miliyan 20 saboda rashin yin aikin da cikakkiyar kulawa. A ranar 14 ga Agusta, 2009, Babban Bankin Nijeriya a ƙarƙashin Malam Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar, ya kuma zuba musu Naira biliyan 420 domin kada kuɗin masu ajiya su salwanta. Waɗannan bankuna duk suna fitar da rahotannin shekara masu ɗauke da sa hannun masu bincike.

Waɗannan abubuwa sun faru ne a manyan kamfanoni da ke Legas, inda 'yan jarida da masu hannun jari suke zuba ido dare da rana. Idan har kuskure zai iya shigewa a can, to babu dalilin da zai sa mu ɗauka cewa ba zai shige ba a asusun wata ƙaramar hukuma da ba kowa ke karanta rahotonta ba.

Yadda abin ya shafi Daura

Ajiyar lissafin dukiyar jama'a ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Masana tarihi suna danganta fara baitulmalin En'e a Arewa da Katsina, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko da jami'in mulkin mallaka H. R. Palmer, daga nan tsarin ya bazu zuwa sauran masarautu har da Daura. Ma'aji da malamansa suna rubuta abin da ya shigo na haraji da jangali, da abin da ya fita na albashi da ayyuka, ana kuma zuwa a duba littattafan. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, amma bai kawar da buƙatar lissafi ba. A yau Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar daga cikin 34 na Jihar Katsina, wato Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango.

Asusun waɗannan ƙananan hukumomi yana ƙarƙashin ofishin Odita Janar na Ƙananan Hukumomi. Nauyin da ke kan wannan ofis ya ƙaru tun daga ranar 11 ga Yuli, 2024, lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu kai tsaye daga Asusun Tarayya. Duk yadda aka bi wajen aiwatar da hukuncin, manufarsa ita ce shugaban ƙaramar hukuma da ma'ajinsa su riƙe kuɗinsu su kuma amsa tambaya a kansu. A duk inda ofishin Odita ya ga buƙatar ɗaukar kamfani mai zaman kansa ya taimaka masa, ko dai wajen tantance ma'aikata ko wajen ƙididdige kadarori, ingancin wannan kamfani shi ne ingancin rahoton da zai fito.

Akwai kuma wasu ofisoshin jiha da suke aiki da sa hannun akantoci kullum. Hukumar kula da bayar da kwangila takan nemi ɗan kwangila ya kawo bayanan asusunsa da aka bincika, galibi na shekara uku, domin a san ko yana da ƙarfin yin aikin. Idan bayanan na ƙarya ne, sai a ba wanda ba shi da ko tifa ɗaya aikin hanya ko na ɗakin shan magani, ya karɓi kuɗin somin-taɓi, aiki ya tsaya, mutanen ƙauye su ci gaba da jira. Hukumar tara kuɗin shiga tana duba irin waɗannan bayanai wajen ƙiyasta haraji. Sashen kula da ƙungiyoyin gama kai shi ma yana buƙatar sahihin lissafi, domin ajiyar malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da manoma ce take cikin waɗannan ƙungiyoyi.

Bugu da ƙari, sahihin rahoto yana jawo kuɗi. Shirin SFTAS na Bankin Duniya, wanda ya fara a 2018 da dala miliyan 750, ya gindaya wa jihohi sharaɗin buga kasafin kuɗinsu da bayanan asusunsu da aka bincika a kan lokaci kafin su sami tallafi. Masu ba da lamuni da tallafi na gaba ma abin da za su fara tambaya ke nan, kuma za su so su san wanda ya sa hannu.

Hujjojin masu ɗari-ɗari

Adalci ne mu kawo hujjojin waɗanda ba su gamsu da wannan shawara ba, domin wasunsu suna da nauyi. Hujja ta farko ita ce ta sirri. Fayilolin da ake dubawa a lokacin bita suna ɗauke da asirin abokan hulɗar kamfani, waɗanda ba su da wata alaƙa da gwamnati. Wannan gaskiya ne, amma abin da jiha take buƙata bai wuce takarda uku ba: sakamakon bitar, da amsar kamfani, da shaidar kammala gyara. Babu buƙatar sunan kowane abokin hulɗa ya fito a cikinsu.

Hujja ta biyu ita ce, idan kamfanoni suka san cewa sakamakon zai iya raba su da aiki, za su riƙa ɓoye kurakuransu, masu bitar kuma su riƙa jin nauyin kayar da ɗan'uwansu, sai bitar ta tashi daga hanyar gyara ta koma wasan ɓuya. Maganin wannan shi ne a bambanta tsakanin wanda aka ce ya gyara da wanda ya ƙi gyarawa. Kamfanin da aka samu da rauni ya kuma gyara cikin wa'adi bai kamata a cire shi daga jeri ba. Wanda ya kamata a dakatar shi ne wanda ya ƙi yarda a duba shi, ko ya faɗi sau biyu a jere.

Hujja ta uku ta shafi ƙananan kamfanonin da ke Katsina da Kano da Kaduna, waɗanda akasarinsu akanta ɗaya ne ko biyu da 'yan ma'aikata. Ana fargabar cewa sabon sharaɗi zai kore su, aiki ya koma hannun manyan kamfanonin Legas da Abuja, waɗanda ladansu ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma, kuma da wuya su tura ma'aikaci ya kwana a Baure yana ƙirga kaya. Wannan fargaba tana bisa hanya. Sai dai muna ganin ƙaramin kamfani mai aiki da gaskiya shi ne zai fi kowa amfana, domin a yanzu ba shi da wata takarda da za ta bambanta shi da mai sayar da hatimi. Abin da ake buƙata shi ne a ba da isasshen wa'adi, kada kuma a hukunta kamfani saboda layin bita bai zo kansa ba tukuna.

Hujja ta huɗu ita ce ta siyasa, wato kada a mai da sakamakon makamin korar wanda ya rubuta rahoto mai ɗaci. Kariya daga wannan ita ce a rubuta ƙa'idar a fili, ta hau kan kowa daidai, a ba kamfani damar kare kansa, kuma a bar hukuncin a hannun ofishin da Tsarin Mulki ya ba 'yancin kansa.

Hanyar da muke gani

Matakin farko, a ganinmu, ba ya buƙatar jiran sabuwar doka. Tunda Odita Janar ne yake tsara jerin, yana iya sa wa a cikin takardar neman shiga cewa kowane kamfani ya faɗi ranar da aka yi masa bita ta ƙarshe da wanda ya yi ta, ya kawo sakamakon, ya kuma sa hannu cewa ya yarda ofishin ya tabbatar da shi kai tsaye daga ICAN ko ANAN ko FRC. Tabbatarwa daga tushe tana da muhimmanci, domin takardar da mai nema ya kawo da hannunsa ana iya sauya ta.

Mataki na biyu shi ne yarjejeniyar fahimtar juna tsakanin ofisoshin Odita biyu na jiha da waɗannan hukumomi uku, wadda za ta fayyace abin da za a bayar, da jami'in da zai gani, da yadda za a adana shi. Zai fi armashi idan jihohin Arewa maso Yamma suka nema tare, tunda kamfanoni ɗaya ne suke yawo tsakanin Katsina da Kano da Jigawa. Kamfanin da aka dakatar a Dutse bai kamata ya tsallako Kazaure ya sami aiki a Daura ba tare da kowa ya sani ba.

Mataki na uku shi ne bayanin ya riƙa tafiya ta fuska biyu. Odita Janar yana karanta rahotannin kamfanonin nan kowace shekara domin yin sharhi a kansu, saboda haka yana ganin abin da masu bita ba su gani ba. Idan ya ci karo da aikin ganganci, ya dace ya sanar da ƙungiyar da ta ba kamfanin lasisi, wadda take da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa. Ita ma Majalisar Dokoki, ta hannun kwamitinta na asusun gwamnati, tana iya tambaya duk shekara: kamfanoni nawa ne a jeri, nawa aka yi wa bita, kuma shekara nawa kowannensu ya yi yana binciken hukuma guda. Ƙa'idar shugabancin kamfanoni ta Nijeriya ta 2018 ta taƙaita wannan wa'adi zuwa shekara 10 a jere, kuma babu laifi hukumomin jiha su yi koyi da ita.

Daga ƙarshe, ya kamata mu sani cewa ganin sakamakon bita ba zai hana ɓarna shi kaɗai ba, kamar yadda abin da ya faru da Enron ya nuna. Amfaninsa shi ne zai sa jerin Odita Janar ya zama an gina shi a kan shaidar aiki, ya kuma sa kowane akanta da ke shirin sa hannu a kan asusun wata hukuma a Daura ko Zango ya san cewa labarin aikinsa zai riga shi isa Katsina. Muna kira ga ofisoshin Odita, da Majalisar Dokoki, da rassan ƙungiyoyin akantoci da ke jihar nan, su zauna su duba wannan batu tun kafin wata asara ta tilasta musu. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani. Allah ya ba mu ikon riƙe amana.